Mu Ƙaddara Cewa…: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓin Ɗan'adam da Misalan da Ake Auna Shi da Su

Tambayoyin nan daga majalisarmu ta bayan sallar isha'i suka fito, a gefen teburin mai shayi a Bolari, cikin garin Gombe. A cikinmu akwai malaman makaranta biyu, da tela, da mai keke napep, da wani Alhaji mai harkar hatsi a Tudun Hatsi, sai ɗaliban jami'a da kan leƙo idan an yi hutu. Duk baƙon da ya zauna da mu, tambayoyin da wanda ya gabace shi ya yi su yake maimaitawa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni malamin sakandare ne, ba mai ba da fatawa ba.

1. Mene ne gwajin tunani?

Labari ne gajere da ake ƙirƙira don a gwada wata magana, kamar yadda ake gwada mudu a ga ko an bubbuge masa gindi. Kana da wani ra'ayi da kake ganin ba ya motsi, sai a kawo maka yanayin da aka cire duk wani abu mai raba hankali, aka bar ra'ayin shi kaɗai, a ce to yanzu yanke hukunci. In hukuncin da zuciyarka ta yanke ya saɓa wa abin da bakinka ya faɗa da farko, ka gano akwai gyara.

Bahaushe ya daɗe da ƙofar shiga irin wannan magana. Yakan ce "mu ƙaddara cewa ka tsinci jakar kuɗi a tashar Dukku." Abin da ke ba ni sha'awa shi ne kalmar da muke buɗe misalin da ita da kalmar da muke muhawara a kanta tushensu ɗaya ne a Larabci: ƙaddarawa da ƙaddara.

2. Idan an ce mutum yana da zaɓi, me ake nufi takamaimai?

Rabin gardamar da ake yi a kan wannan batu daga nan take tashi, domin abu uku ake cusawa cikin kalma ɗaya. Na farko, ba wanda ya tilasta maka: ba a ɗora maka wuƙa a wuya ba. Na biyu, da ka so da ka yi wani abin daban, wato hanya ta biyu a buɗe take da gaske. Na uku, aikin daga gare ka ya ɓullo, daga niyyarka da tunaninka, ba kamar atishawa ba.

Mai kekenmu ya taɓa kwatanta shi da mararraba. Ya ce wani lokaci fasinja ne ke cewa bi dama, wani lokaci an toshe hagu da shingen biki ko da bai sani ba, wani lokaci kuma hannunsa ne kawai ya saba da kwanar. Duk sau ukun dama ya bi, amma ba abu ɗaya ne ya faru ba. Kafin ka yi musu da wani, tambaye shi wanne daga cikin ukun yake nufi. Tambaya ta 7 tana nuna cewa na biyu da na uku suna iya rabuwa.

3. Wannan ba falsafar Turawa ba ce aka kwaso mana?

A'a, kuma mafi kyawun misalin da na sani a wannan babi daga bakin Sayyidina Umar ya fito. Lokacin annobar Amwas yana kan hanyar Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sarg aka gaya masa cuta ta ɓarke a can. Bayan shawara sai ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce, eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan ya buga masa misali: da kana da raƙuma ka gangara wani kwari mai gefe biyu, ɗaya kore shar, ɗaya ƙeƙasasshe, in ka kiwata su a koren ba da ƙaddarar Allah ka yi ba, in ka kai su ƙeƙasasshen ma ba da ita ba ne? Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. Duba yadda aka gina shi: an cire annoba da tsoro da rundunar da ke jira, an bar makiyayi da gefen kwari biyu. Duk Bafulatanin da ke kora shanu a gaɓar Gongola zai gane shi ba tare da sharhi ba.

Muhawarar kanta ta yi zafi tun ƙarni na farko da na biyu bayan hijira. A Basra Ma'abad al-Juhani ya shahara da cewa bawa ne ke ƙirƙirar aikinsa, aka kira masu wannan ra'ayi Ƙadariyya. A ɗaya gefen Jahm ɗan Safwan, wanda aka kashe a 746, ya ce mutum ba shi da wani iko na haƙiƙa, ana jingina masa aiki ne kamar yadda ake cewa rana ta fito ko ruwa ya gudana. Su ne Jabariyya. Ibn Sina (ya rasu 1037), da Imam Gazali (1111), da Ibn Rushd (1198) duk sun yi aiki da misalan ƙaddarawa, za ka gan su a tambayoyi na 5, 11 da 13. Turawa sun ƙara nasu, wasu masu kyau ƙwarai, amma a kasuwar da ta riga ta ci suka kasa kayansu.

4. Bai haramta a riƙa tono maganar ƙaddara ba?

Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, yana cikin shika-shikan imani shida da suka zo a hadisin Jibrilu, kuma ba shi muke sa wa a sikeli ba. Gaskiya ne kuma magabata sun ƙi jayayya a kanta. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya muna da ƙarin dalilin taka-tsantsan, don an san Imam Malik ba ya son tambayar abin da bai auku ba. Ana ba da labarin Asad ɗan Furat, da ya yi ta jero masa "to in kaza ne fa, to in kaza ne fa," har Malik ya ce masa in irin wannan yake so ya nufi Iraƙi. Can kuwa malaman Kufa sun yi suna da ƙaddara mas'aloli kafin su faru.

Iyakar da muka ja wa kanmu ita ce: ba ma binciken sirrin yadda Allah yake hukunta al'amuransa. Muna binciken maganganunmu ne mu 'yan'adam, yaushe muke cewa "laifinka ne," yaushe muke cewa "tsautsayi ne," kuma ko muna riƙe da ma'auni ɗaya. Wanda ya ji hirar tana taɓa masa zuciya ta inda ba ya so, ya tashi ya bar ta, ya kai tambayarsa ga malamin da ya yarda da iliminsa. Ba wanda zai ce ya gudu.

5. Mene ne labarin dabino biyu?

Imam Gazali ne ya kawo shi a raddin da ya yi wa masana falsafa. A ƙaddara mutum mai jin yunwa, an ajiye masa dabino biyu iri ɗaya sak, girma ɗaya, zaƙi ɗaya, nisa ɗaya daga hannunsa, kuma ɗaya kawai zai iya ɗauka. In gaskiya ne mutum ba ya motsi sai wani dalili ya rinjayi wani, to wannan bawan Allah zai zauna yana kallonsu har yunwa ta gama da shi. Gazali ya ce ba mai hankalin da zai yarda da haka. Zai ɗauki ɗaya, kuma abin da ya ba shi damar bambance abu da irinsa shi ake kira nufi. Ibn Rushd ya mayar masa da martani cewa mutumin ba tsakanin dabino da dabino ya yi zaɓi ba, tsakanin ci da zama da yunwa ya yi, kuma a nan akwai dalili mai rinjaye. A Turai labarin ya koma na jaki tsakanin dami biyu na ciyawa, aka laƙaba shi ga Jean Buridan, malamin Faris na ƙarni na 14.

Mun gwada a majalisa, da ƙosai ba da dabino ba. Aka ɗora biyu a faranti gaban tela, aka yi ta juya farantin har kowa ya yarda sun daidaita. Ya kai hannu ya ɗauki na dama. Ɗalibin da ke wurin ya yi tsalle ya ce ai ba bahago ba ne, hannun dama ne ya ja shi. Tela ya ce, "To Malam, a sake." Aka sake, ya ɗauki na hagu yana murmushi. Ɗalibin ya ce yanzu kuma son ƙaryata ni ne ya ja ka. Tela ya cinye na biyun ya ce a kawo na uku.

Dariya muka yi, amma a nan matsalar take. Duk abin da mutum ya zaɓa, bayan ya zaɓa ana iya samo masa dalili, kuma ba yadda za a yi a tabbatar cewa abu biyu sun yi daidai a cikin ƙwaƙwalwarsa. Ni ina ganin Ibn Rushd ya fi kusa da gaskiya a nan, kuma zaɓin da ya dame mu a rayuwa ba irin na ƙosai biyu ba ne, irin na tambaya ta 10 ne.

6. Idan an riga an san abin da zan yi gobe, ina zaɓin nawa yake?

A raba sani da tilastawa. Na shekara ina koyar da aji, kafin jarrabawa ina iya nuna maka yaron da zai faɗi lissafi, kuma sau da yawa sai ya faɗi. Sanina bai riƙe masa biro ba. Na san misalin yana da rauni, domin sanina hasashe ne, yana kuskure, ilimin Allah kuwa ba ya kuskure kuma ba a kwatanta shi da na bawa. Amma abin da misalin ke nunawa ya tsaya: kasancewar an san abu ba shi ne musabbabin faruwarsa ba. Sahabbai ma sun yi wannan tambaya, suka ce ba ma dogara da abin da aka rubuta mana mu bar aiki ba? Annabi (SAW) ya ce su yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa.

Wanda ya fi wuya shi ne misalin Laplace, masanin lissafi na Faransa, a 1814. Ya ce a ƙaddara wani hankali da ya san inda kowane ƙwayar abu take a duniya a wannan lokaci, da duk ƙarfin da ke motsa ta. Irin wannan hankali zai lissafa gobe kamar yadda ake lissafa ranar husufi. Lura cewa ba sanin ne abin tsoro a nan ba, abin da ya sa sanin ya yiwu ne: cewa jiya ce ta haifi yau ba tare da wata kafa ba, har da abin da ke kai-komo a kanka. Wasu kan ce kimiyyar ƙananan ƙwayoyin halitta ta ƙarni na 20 ta rushe wannan, tunda a can akwai abin da sai dai a faɗi yiwuwarsa. Ko da haka ne, bai ba ka zaɓi ba. In da a ce kafin kowane mataki ana jefa kwabo a cikin kanka, kai ko wutsiya, ba za ka ce kai ne mai iko ba, za ka ce kwabon ne.

7. Mutum zai iya ɗaukar alhakin abin da ba shi da hanyar kauce masa?

John Locke na Ingila ya kawo misali a ƙarshen ƙarni na 17. Ga shi da kayan gida: kana barci aka ɗauke ka aka kai ka wani zaure, ka farka ka ga amininka da kuka rabu tun kuna firamare a Kumo. Murna ta kama ka, kuka zauna hira har la'asar, ko tunanin fita ba ka yi ba. Ashe tun safe an sa wa ƙofar kwaɗo ta waje. Da son ranka ka zauna? Eh. Kana iya fita? A'a.

A 1969 Harry Frankfurt na Amurka ya ƙara wa misalin kaifi. A ƙaddara wani mugu yana son ka yi shaidar zur, kuma yana da wata na'ura da za ta juya maka tunani in ya ga alamar za ka faɗi gaskiya. Ka shiga gaban alƙali, ka yi ƙaryar da kanka saboda kwaɗayin abin da aka yi maka alkawari, mugun bai ko taɓa na'urarsa ba. Ba ka da hanyar fita, amma wa zai ce ba ka da laifi? In ka yarda da haka, ka yarda cewa alhaki ya fi rataya a kan ma'ana ta uku ta tambaya ta 2, wato daga ina aikin ya fito, fiye da ma'ana ta biyu. Alhajinmu da ya ji wannan cewa ya yi, "Wannan ai innamal a'amalu binniyati ne aka sa wa wayar lantarki." Masu sukar Frankfurt suna cewa ko a nan akwai 'yar kafa: alamar da mugun yake jira, ai kai ne za ka nuna ta ko ka ƙi.

8. Me malaman aƙida suka tsayar tsakanin Jabariyya da Ƙadariyya?

Abul Hasan al-Ash'ari, mutumin Basra da ya bar Mu'utazila (masu ra'ayi irin na Ƙadariyya a wannan mas'ala) yana da kimanin shekara 40, ya yi bayani da kalmar kasbu: Allah ne ke halittar aiki, bawa kuma yana tsiwirwirinsa, da ikon da aka halitta masa a lokacin aikin, kuma a kan wannan ake masa hisabi. Hujjar da aka fi kawowa kowa yana iya gwada ta a jikinsa. Hannun mai zazzaɓin cizon sauro yana karkarwa, hannun mai sa hannu a takardar bashi ma yana motsi. Ba wanda ke buƙatar malami ya gaya masa bambancinsu. Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙand, wanda ya yi zamani da shi, ya ƙara ba wa zaɓin bawa nauyi.

Ba kowa bayanin kasbu ya gamsar ba, har a cikin malaman Sunna, kuma Larabawa suna buga misali da shi idan abu ya yi wuyar kamawa. Amma dukkansu sun haɗu a kan ƙin gefe biyun nan: ba a cewa bawa kara ne a bakin iska, ba a kuma cewa wani abu yana faruwa a mulkin Allah ba da nufinsa ba.

9. An ce masana ƙwaƙwalwa sun tabbatar ba mu da zaɓi. Haka ne?

Ana nufin gwajin Benjamin Libet na 1983 a Kalifoniya. Ya manna wa mutane wayoyi a fatar kai, ya ce su motsa yatsa ko wuyan hannu duk lokacin da suka ga dama, suna kallon wani agogo mai gudu don su faɗi lokacin da suka ji niyyar ta zo. Sai aka ga wani motsin lantarki yana tasowa a ƙwaƙwalwa fiye da rabin sakan kaɗan kafin hannu ya motsa, alhali mutumin bai ji niyyar ba sai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin motsin. Aka ce ke nan ƙwaƙwalwa ta riga ka yanke shawara.

"Tabbatar" ta yi yawa. Motsa yatsa ba gaira ba dalili ɗan'uwan ƙosai biyu ne na tambaya ta 5, ba ɗan'uwan shawarar aurar da 'ya ko sayar da gona ba, wadda ake kwana ana tashi da ita wata guda. Libet da kansa ya ce mutum yana da damar fasawa a ɗan tsakanin da ya rage. A 2012 kuma Aaron Schurger da abokan aikinsa suka nuna cewa motsin lantarkin yana iya zama kai-komon da ƙwaƙwalwa ke yi kullum, ba shawarar da aka riga aka yanke ba. Sannan a tambayi mai maganar: in ƙwaƙwalwata ce ta yanke, ta wa ce?

10. Me ya sa ake hukunta wanda sakacinsa ya yi ɓarna fiye da wanda ya yi sakaci iri ɗaya ya tsira?

Wannan ce tambayar da ta fi hana majalisarmu tashi da wuri. A ƙaddara masu keke biyu, dukkansu sun san birkinsu ya yi sanyi, dukkansu sun ce sai ranar Juma'a za su kai wa bakanike. Suka bi layi ɗaya a Jekadafari da gudu ɗaya. Na farko ya wuce lafiya ya je ya ci tuwonsa. Na biyu, yaro ya fito da gudu yana bin ƙwallo. Abin da ke hannunsu iri ɗaya ne, abin da ya bambanta su fitowar yaro ce, wadda ba ta hannun kowa. Amma ɗaya zai kwana a gida, ɗaya a hannun hukuma, kuma unguwa za ta riƙa nuna shi da baki. Bernard Williams da Thomas Nagel sun yi rubutu a kan wannan a 1976, suka kira shi sa'a a cikin alhaki.

Mai kekenmu bai yi dariya ba ranar da aka kawo misalin. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, ni ne na farkon, sau ba adadi." Fiƙihu ya raba abin gida biyu, kuma rabon yana da hikima. Akwai abin da ya shafi haƙƙin wanda aka cuta: kisan kuskure yana da diyya da kaffara ko da babu niyya, don an yi asarar rai kuma dole wani ya ɗauki nauyi. Akwai kuma abin da ya shafi zuciya, inda ganganci da kuskure ba su zama ɗaya ba. A ma'aunin farko direbobin sun bambanta. A na biyu, ni ban ga bambancinsu ba, kuma na farkon da ya ce "Allah ya kiyaye" ya ci gaba da yawo da birkin bai fahimci abin da aka kiyaye shi daga gare shi ba.

11. Labarin jirgin ƙasa da mutum biyar fa, me ya haɗa shi da wannan?

Philippa Foot ce ta kawo shi a 1967, Judith Thomson ta faɗaɗa shi daga baya. A ƙaddara tarago ya ƙwace a layin dogon da ya ratsa Gombe, mutum biyar suna kan hanyarsa, kai kuma kana tsaye a inda ake sauya layi. In ka ja ƙarfen zai koma wani reshe inda mutum ɗaya yake. Yawancin mutane sukan ce a ja. To a sauya: babu reshe, sai dai ka tura wani ƙato daga kan gada ya tare taragon. Lissafi bai canza ba, ɗaya a madadin biyar, amma kusan kowa sai ya ja da baya. Misalin ba ya tambayar ko kana da zaɓi, yana tambayar wane irin sa hannu ne ke mai da aiki naka.

Gazali ya riga su da irinsa a usulul fiƙihi: mutane a jirgin ruwa da zai nutse, in an jefa ɗaya sauran za su tsira. Ya ce bai halatta ba, yawan adadi kaɗai ba ya halatta jinin wanda bai yi laifi ba.

12. Wanda tarbiyya ko cuta ta lalata, laifinsa ne?

A ƙaddara jarirai biyu aka musanya ranar haihuwa, ɗaya ya tashi a gidan da ake duba masa aikin makaranta kowane dare, ɗaya ya tashi a tasha tun yana shekara bakwai, abokansa masu shan maganin tari. Bayan shekara 20 na biyun ya yi sata. Da ba a yi musanyar ba, wa zai kasance a gaban alƙali? Duk wanda ya yi wannan tunani da gaske, kaifin bakinsa a kan 'ya'yan wasu yana raguwa. Akwai kuma abin da ya faru da gaske: Phineas Gage, shugaban leburorin aikin layin dogo a Amurka, wanda a 1848 wani sandan ƙarfe ya shiga ta kumatunsa ya fita ta ƙoƙon kansa. Ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya har abokansa suna cewa ba shi ba ne. Daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki a ƙasar Chile, abin da ke nuna ya farfaɗo gwargwado.

Muna cewa hali zanen dutse, amma ga dutsen da ƙarfe ya sauya wa zane, ga shi kuma ya sake gyaruwa. Abin da na ɗauka shi ne zaɓi ba fitila ba ce da take kunne ko kashe, yana da ma'auni, wani nasa faffaɗa, wani ƙunci. Shari'a ta san da haka: an ɗauke alƙalami daga mai barci, da yaro, da mahaukaci, kuma wanda aka tilasta yana da hukuncinsa daban. Sai dai ƙuncin fili ba rashin fili ba ne. A tashar nan da ɓarawon ya tashi, akwai wanda ya tashi tare da shi yana dako.

13. In mutum yana canzawa haka, wanda ya yi laifin shekara 30 da suka wuce shi ne wannan na yau?

Masunci a Dadin Kowa yana da kwale-kwale. Bana ya sauya katako ɗaya, baɗi biyu, har ya zama babu ko ƙusa ta asali. Shi ne dai jirgin da ya gada? In ka ce eh, to a ƙaddara maƙwabcinsa ya tsince tsofaffin katakan ya harhaɗa su, wanne ne na gadon? Girkawa ne suka fara wannan da jirgin Tisiyas, wani gwarzo a labaransu na da, kamar yadda Plutarch ya ruwaito, Thomas Hobbes ya ƙara zancen harhaɗa tsofaffin katakan.

Ibn Sina ya bi ta wata hanya. Ya ce a ƙaddara an halicci mutum yanzun nan cikakke, yana shawagi a iska, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa a warwatse ba mai taɓa wata, ba ya ji ba ya gani. Zai san akwai shi? Ibn Sina ya ce zai sani, ko da bai san yana da jiki ba, don haka "ni" ba katakan ba ne. Ana iya musun hujjar, an kuma yi. Amma bashi da alkawari da tuba duk a kan wannan suke tsaye: wanda ya karɓi rancen da wanda ake bi yau mutum ɗaya ne, ko da furfura ta rufe shi.

14. Yaushe ne ya dace a ce "ƙaddara ce"?

Karin maganarmu biyu-biyu suke tafiya. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, amma kuma Allah ya ce tashi in taimake ka. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ba saɓani ba ne, kowanne da wurinsa, matsalar ita ce yadda muke rabon wuraren. Alhajinmu ya taɓa tara masara yana jiran tsada, farashi ya karye, ya ce haka Allah ya so. A makon nan yaron shagonsa ya bar buhu biyu a waje ruwa ya dake su, ya cire a albashinsa. Da aka tuna masa a majalisa ya yi shiru, can ya ce, "Ai shi sakaci ya yi." Tela ya ce, "Ranka ya daɗe, kai kuma fa da aka ce ka sayar tun watan jiya?"

Malamai suna da ƙa'ida a nan, daga sharhin hadisin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta sauka, ba a kan laifin da mutum yake son ya wanke kansa daga gare shi ba. Girkawa ma suna da labarin masanin falsafa Zeno da bawansa da ya yi sata ya ce an ƙaddara masa ne. Zeno ya ce an kuma ƙaddara masa bulala. Gwajin da nake ba ɗalibaina mai sauƙi ne: uzurin da kake shirin bayarwa, in wanda ya ci maka amana ne ya kawo shi, za ka karɓa?

15. "Ai wannan ba zai taɓa faruwa ba." Me za a ce wa mai wannan magana?

Wani lokaci gudu ne kawai, kamar wanda aka ce masa tarago ya ƙwace ya ce shi zai yi ihu mutanen su kauce. Sai a ce masa a ƙaddara kurame ne. Amma wani lokaci yana da gaskiya. Misalin yana ba ka tabbacin da rayuwa ba ta bayarwa: ka san ƙaton zai tare taragon, ka san biyar ɗin za su mutu. Hankalinmu kuwa a duniyar rashin tabbas ya yi wayo, shi ya sa abin da zuciya ta ce a irin wannan yanayi ba lallai ya zama hujja ba. Kuma mai tsara misali yana iya karkata shi ya kai ka inda yake so. Maganinsa a sauya abu ɗaya a cikin labarin a sake tambaya. In mutum ɗayan da ke kan reshe ƙaninka ne fa? In kai ne?

16. Muna son fara irin wannan hira a tamu majalisar. Ta ina za mu fara?

Ku fara da direbobi biyu na tambaya ta 10, don kowa yana da abin faɗa a kai, ku bar Laplace da kasbu sai an saba. Mutum ɗaya ya kawo misalin, kowa ya faɗi hukuncinsa kafin a shiga dalilai, kuma a fara daga ƙarami a wurin, domin in dattijo ya riga ya yi magana yara sai su ce "haka ne, Baba" a tashi. Kada a kawo sunan wani ɗan unguwa a matsayin misali. Kada kuma a jefi kowa da Jabariyya ko Mu'utazilanci don ya yi tambaya. Sau ɗaya aka yi mana haka, wanda aka gaya wa ya yi wata biyu bai dawo ba, sai da muka je har gida.

In magana ta kai ga aya ko hadisi kuma ba mai tabbacin lafazin, a dakata a tambayo, a dawo da ita gobe. Mu kan tashi idan mai shayi ya fara kife kofuna, ko an gama ko ba a gama ba, kuma wanda ya kawo misalin daren shi ke biyan kuɗin shayin.